Shekarar da Na Hana Baba Modu Akuya

Akwai wata magana da na san kun taso kuna ji a gidajen dangin babanku, wani lokaci a bayan idona, wani lokaci kuma ina zaune ake jefo ta cikin wasa, wai ni ce matar da ta hana wan mijinta akuya ranar da ya fi bukatarta. Ba ƙarya aka yi mini ba, na hana. Sai dai masu ba da labarin sukan fara shi daga tsakiya su yanke shi inda ya yi musu daɗi, ni kuwa da aka yi abin a tsakar gidana ban taɓa zaunar da ku na ba ku shi daga tushe ba. Yanzu da gwiwa ta hana ni yawo, bari in faɗi nawa, in ya so ku auna da kanku.

Ku manya za ku iya tuna babanku da ƙarfinsa. Dako yake yi a kasuwar hatsi, buhun da mutum biyu ke kokawa da shi shi kaɗai yake saɓawa ya hau katako da shi har cikin tirela. Ba mu da arziki, amma ba mu taɓa kwana ba a ɗora tukunya ba. Ranar da ɓarin jikinsa ya shanye a kasuwa ya faɗi, kuma wansa Baba Modu ne ya goya shi har bakin titi, shi ya yi jinyarsa a asibiti, shi ya sayar da kekensa na zuwa gona aka sayi magani. Ku riƙe wannan da kyau, domin duk abin da zan faɗa a gaba ba ya goge shi. Aka dawo mana da babanku hannu ɗaya da ƙafa ɗaya ba sa motsi, magana kuma sai an kasa kunne, muka shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiyar tsakar gida.

A wannan tsakanin ne aka shigo unguwarmu ta Yerimaram da wani tsarin ba mata bashi. Ana haɗa mu rukuni-rukuni, kowa ta tsaya wa 'yar'uwarta, a ba ki jari ki riƙa biya duk mako. Na karɓa da murna na fara ƙosai. Ba zan ce mugun abu ba ne, don akwai maƙwabciyata mai ɗinki da ta ci gajiyarsa sosai, amma ita tana da kekenta, tana da miji mai kawo cefane. Ni kuwa jarina a ɗaki ɗaya yake kwana da yara masu jin yunwa da marar lafiya mai neman magani. In ina tuyar ƙosai kuna tsaye kuna kallon kasko, wace uwa ce za ta ce muku na sayarwa ne? Waken ya riƙa raguwa, mako kuma ba ya fasa zagayowa. Kafin a jima sai ga ni ina laɓewa in na hango matan rukuninmu, domin su ake bi idan na gaza. Na sayar da kwanukan jerena, na sayar da gado, na rabu da su lafiya, na fito a tsiyar da ta fi wadda na shiga da ita. Daga nan na koma sharar hatsi. Idan an gama lodi a kasuwa, sai mu shiga ƙarƙashin tireloli da tsintsiya mu tattara abin da ya zube, mu sheƙe, mu rairaye ƙasar. Tuwon nan da kuke cewa yana garas-garas a haƙori, daga can yake fitowa.

A can Mama Rahila ta same ni. Ku ƙanana kun san ta ta tsufa tana dogara sanda, amma a lokacin mace ce ƙaƙƙarfa mai faɗa, 'yar ƙasar Filato, Kirista, wadda ta ƙare aikinta a asibitin dabbobi tana yawon yi wa shanu da awaki allura daga rugagen Nangere har zuwa Gadaka. Ta yi ritaya ta ƙi komawa gida, ta ce ƙashinta ya riga ya saba da zafin Potiskum. Dusa ta zo saya ta tsaya tana kallona, har na ji haushi na ce mata ko na yi kama da wadda ta ɓata mata. Ba ta yi fushi ba, ta tambayi gidanmu. Washegari sai ga ta da sallama. Ta gaida babanku, ta zauna a kan turmi, ta yi ta tambaya kamar alƙali, har murfin tukunyata sai da ta ɗaga. Na ba ta labarin bashi don ta san in shi ta kawo ta koma da abinta. Ta ce ita ba bashi take bayarwa ba, kuma ba kyauta ba.

Abin da ta kawo wata al'ada ce da ta gani a wurin Fulani, suna ce mata haɓɓanaye. Idan ɗan'uwansu ya rasa dabbobinsa, sai mai hali ya ɗaura masa saniya. Saniyar tana nan ta mai ita, amma 'ya'yan da ta haifa na wanda aka ɗaura wa ne, idan ya tsaya da ƙafarsa sai ya mayar da uwar. Mama Rahila da wasu ƙawayenta, na coci da na masallaci, suka ɗauki wannan suka mayar da shi kan awaki. Ta ce za ta ɗaura mini akuya biyu, haihuwa biyu tawa ce, sannan duk wata za ta aiko da gero da wake har sai 'ya'yan farko sun isa sayarwa, ita kuma za ta riƙa zuwa duk mako tana dubawa. Na tambaye ta dalilin hatsin, tunda ga awaki, da kuma dalilin da ba za ta ba ni su kyauta ba ta huta.

"Idan na ba ki akuya na bar ki da yunwa, yunwar ce za ta ja ta kasuwa. Kyauta kuwa na gwada, Adama. Wadda na ba kyauta, kafin wata uku an ci akuyar a biki ko a suna, don talaka ba ya iya ce wa danginsa a'a. Abin da yake naki na dangi ne. Abin da yake nawa, babu mai ikon tambayarki."

Babanku yana kwance yana ji. Kun san dangin babanku mutanen Barno ne, kuma tsakaninsu da Fulani ba a raba su da tsokana. Sai ya yi ƙoƙari ya haɗa maganar da ta fi kowace tsawo tun kwanciyarsa, ya ce lallai duniya ta zo ƙarshe tunda Babarbare zai ci abinci da dabarar Bafulatani. Mama Rahila ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa hawaye ne suka zo mini, don na daɗe ban ji shi ya yi wasa ba.

Aka kawo awakin, ja ɗaya da fara mai dogayen ƙafafu. Ana cewa kayan aro ba ya rufe katara, to nawa dai ya rufe. Sai dai ban sha da daɗi a hannun Mama ba. Ni da na girma a gidan kiwo, sai ga wata tana koya mini inda zan kafa turke, yadda zan ɗaga harawa sama don kada su tattake, yaushe zan ba su kanwa, yadda ake duba ido da kofato. Idan ta tarar da ruwan shansu da datti, unguwa sai ta ji. Sau da yawa in ta fita nakan bi bayanta da harara in ce wannan mata ta fi uwar miji. Amma ita ce ta hana ni zubar da kashinsu, ta haɗa ni da masu lambu suna saya, ta kuma sa ni shiga adashin mata da ɗan abin da ke fitowa daga nan. Kuma ba awaki kaɗai take dubawa ba. Takan tsaya ta lanƙwasa wa babanku hannu da ƙafa ta nuna mini yadda zan riƙa yi masa, takan tambayi wanda bai je makaranta ba a cikinku da dalili. A watannin nan ne na fara barci ba tare da tunanin tukunyar gobe ba. An kai awakin wurin bunsuru, duka biyun suka ɗauki ciki.

Da damina ta yi tsakiya, lokacin da rumbun kowa ya koma fanko, sabon hatsi kuma bai nuna ba, sai Fanna matar Baba Modu ta haihu. Namiji, bayan 'ya'ya mata a jere. Baba Modu kuwa tun da ya rabu da kekensa gonarsa ta wajen Nangere ta gagare shi zuwa yadda ya kamata, bara bai samu abin kirki ba. Ana saura kwana kaɗan suna ya shigo gidanmu da hantsi, ya durƙusa wajen ƙaninsa suka gaisa, ya shaida masa cewa sunan babanku zai sa wa yaron. Na ga fuskar babanku ta yi haske. Sannan ya juyo gare ni, ba ya ko iya haɗa ido da ni, ya ce in ba shi farar akuyar ya kai kasuwa ya canjo ɗan rago, in Allah ya kai mu kaka zai mayar mini da wadda ta fi ta. Na san ba ƙarya yake yi ba, haka yake nufi a zuciyarsa. Na kuma san kakar talaka, buhu goma ake jira a samu uku, masu jiransu kuma sun yi layi. Sai na fake da abin da aka ba ni in fake da shi, na ce ba tawa ba ce, amana ce.

"Na sani. Je ki tambayi mai ita, ki gaya mata ni ne. Ta san abin da na yi wa gidan nan."

Na ɗauki mayafi na tafi, ina tafe ina roƙon Allah ya sa ta hana. Da ta ce a'a, da na dawo da sauƙi in ce ga abin da mai kaya ta ce, ni in tsira da mutuncina a wurin dangi. Na same ta tana shanya kuɓewa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce mutumin nan yana da haƙƙi a kaina, ita ma ta san haka. Ta ce idan farar ta tafi da cikinta, rabin abin da muke ginawa ya tafi, kuma ba ta da wata da za ta maye mini. Na ce to ta ce ta hana mana, shi ke nan.

"Ba zan faɗa ba. Ban taɓa kai kowa ƙara a kan akuya ba, ba kuma zan fara a kanki ba. Idan kika ba shi, hatsinki ba zai tsaya ba. Sunana na ba ki ki kare kanki da shi daga masu kwaɗayi, wannan kuwa ba mai kwaɗayi ba ne. Ke za ki yanke."

Ranar na ji haushin matar nan fiye da kullum. Na dawo gida na tarar Baba Modu ya tafi masallaci, na zauna kusa da babanku na gaya masa yadda muka yi, na ce ya yanke mana tunda ɗan'uwansa ne. Ya daɗe yana kallon awakin suna tuƙa. Da ƙyar ya fitar da maganar, ina haɗa ta guntu-guntu.

"In kin ba shi, ba zan ga laifinki ba. In kin hana, zan ji kunya. Amma kunya ba ta kisa, Adama, yunwa tana yi."

Ko da ya faɗi haka hawaye na bin gefen fuskarsa da ba ya motsi, na goge masa da bakin zanena. Na tuna ƙarƙashin tirela, na tuna ku kuna tauna ƙasa a tuwo ba ku ce komai ba don kada in ji ciwo. Na san idan na buɗe wannan ƙofar yau saboda dalili mai kyau, gobe ma wani dalilin mai kyau zai zo, don gidan talakawa ba ya rabuwa da dalilai masu kyau. Saura abu ɗaya, wato me zan gaya masa. Da na ce Mama Rahila ce ta hana, da ya yarda nan take. Amma na san garinmu. Kafin la'asar magana za ta zaga cewa wata Kirista ta hana a yanka wa ɗan Musulmi ragon suna, kuma irin wannan maganar ba a san inda take tsayawa ba. Matar da ta ɗaga murfin tukunyata ta ga babu komai ta cika ta, ba zan saka mata da haka ba. Da ya dawo na durƙusa har ƙasa na ce masa, Yaya, mai akuya ta bar mini zaɓi, ni ce na ce a'a, ka yafe mini.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya dube ni, ya dubi ƙaninsa, ya ce Allah ya sa su haifa mini shanu, ya sa takalmansa ya fita. Aka raɗa wa yaro suna ba a yanka komai ba. Shi ne Abba ɗan'uwanku, takwaran babanku, wanda yara suka yi ta tsokana yana ƙarami wai ba a yanka masa rago ba, kuma duk lokacin da na ji haka sai in ji kamar ni aka mara. Na je gidan sunan da asuba na yi wanke-wanke, na hura wuta, babu wadda ta ce mini sannu, habaici kuwa na sha shi har na ƙoshi. Fanna kaɗai ce ta matsa mini hannu a ɓoye da na miƙa mata kunu. Daga ranar Baba Modu ya ɗauke ƙafarsa daga gidanmu. Yakan aiko a gaida ƙaninsa, amma bai sake shigowa ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci wa babanku rai a sauran kwanakinsa.

Awakin suka haihu, ja ta ba da tagwaye, fara ta ba da ɗaya, zagaye na biyu kuma duka suka yi tagwaye. Na riƙe matan na sayar da bunsuran, na sayi gyaɗa a kaka lokacin tana araha na fara man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Wannan karon jarin ya zauna, domin akwai tuwo a gida kuma babu mai buga mini ƙofa ranar biya. Hatsin Mama ya tsaya ban ma ji tsayawarsa ba. Sauran kun san shi, injin markaɗe, rufin kwano, makarantunku. Duk wanda ya ci abinci a gidan nan tun daga lokacin, da hannun matar nan a ciki, kuma ina so ko bayan raina 'ya'yanta da jikokinta su zama 'yan'uwanku, a murna da jaje. Ban san yadda ake biyan irin wannan ba, sai dai in ce na gode har in koma ga Allah.

Babanku ya rasu kafin a kai ga mayar da iyayen awakin. Baba Modu ya zo, shi ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi, ya zauna zaman makoki har aka tashi, amma ko gaisuwata bai amsa ba. Bayan na fita takaba na ja awakin biyu na kai wa Mama Rahila. Ta duba haƙoransu, ta shafa bayansu, ta miƙo mini igiyar ta ce ita ta tsufa da yawon neman mutane, ni na fi ta sanin gidan da murhu ke kwana da sanyi, in kai su can da hatsinsu, kuma ni zan riƙa zuwa duk mako ina faɗan. Ban yi dogon tunani ba. Gidan Baba Modu a lokacin ya fi kowane gida da na sani shiga matsi, ƙafarsa ta fara ciwo, Fanna kuma har ta fara zuwa sharar hatsi tana rufe fuska don kada a gane ta.

Na same shi a zaure na yi sallama na faɗi abin da ya kawo ni. Ya juya fuskarsa bango ya ce gidansa ba ya bukata. Na ce ba shi na kawo wa ba, Fanna na kawo wa, kuma ba kyauta ba ce balle ya mayar. Ban tsaya jiran izini ba, na zaga ta gidan maƙwabta muka shigar da awakin ta ƙofar baya, ni da Fanna muka kafa turke. Haka na riƙa zuwa duk mako, in wuce shi a zaure in durƙusa in ce Yaya ina kwana, shi kuma ya ci gaba da jan carbinsa kamar iska ce ta wuce. Wani lokaci in fito ina cizon yatsa in rantse ba zan sake gaishe shi ba, mako ya zagayo in sake durƙusawa. Fanna ta ce mini ko kallon inda awakin suke ba ya yi, amma ta rasa gane wanda ke ajiye ɗaurin ciyawa a bakin turke kafin ta fito da safe.

Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta shigo. Wata safiya na yi sammako fiye da yadda na saba, sai na ci karo da shi a ƙofar gida yana ɗingishi, wandonsa jiƙe da raɓa, ɗaurin ciyawa a kafaɗa. Babu inda zai ɓoye ta. Muka tsaya cirko-cirko, na durƙusa na gaishe shi kamar kullum, ina jiran shirun da na saba. Ya sauke ciyawar, ya karkaɗe ƙasar da ke saiwarta, bai dube ni ba.

"Adama, wannan jar akuyar taki ba ta ƙoshi ne?"

"Haka take, Yaya. A wurina ma haka ta yi."

"To shiga, Fanna ta dama kunu."

Na shiga, amma ban iya kaiwa ɗakin Fanna ba. A bakin turke na zauna na rufe fuskata da mayafi, jar akuyar tana jan gefensa tana taunawa, ban hana ta ba.